KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'a, kwanakin nan in ka je teburin mai shayi a Nahuce da dare, za ka iske samari sun haɗa kai bisa wayar hannu guda suna ta ƙyaƙyata dariya. Da muka leƙa, sai muka tarar wani shirin talabijin ne na Amurka suke kallo, sunansa Below Deck, watau ƙarƙashin daɓen jirgi. Mun zauna mun kalla tare da su, mun yi dariya kamar kowa. Amma da muka koma gida muka kwanta, sai dariyar ta koma ciki. Dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan.

Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su gani ba. Gidan talabijin na Bravo ya fara nuna shi a 2013. Ana samun wani ƙaton jirgin ruwa na shaƙatawa, attajirai su yi hayarsa kwana biyu ko uku, su ci, su sha, su yi wanka a teku. Tun kafin su iso sun aiko da takarda, kowa ya rubuta abin da yake so a dafa masa da abin da ba ya son gani. Su suna bisa. A ƙasa kuwa, cikin 'yan ɗakuna kamar akurkin kaji, gado bisa gado, nan barorin jirgin suke. Akwai kyaftin, shi ne uban tafiya. Akwai helman masu jan igiya da wanke jirgi, akwai shugabar masu shara da kai abinci, akwai kuma kuku. Masu ɗaukar hoto na biye da su dare da rana har wajen mako shida.

To, me ake kallo? Faɗa. Shugabar masu kai abinci da kuku ba sa ga maciji. Helma ya takura wa yaransa, yara su zagaya su kai tsegumi wurin kyaftin. Wannan ta ce waccan malalaciya ce, waccan ta shiga ɗaki tana kuka. Kyaftin Lee Rosbach, wanda ya shekara goma cikin shirin, an san shi da sallamar mai laifi da tikitin jirgin sama zuwa gida. Mun sani sarai kamfanin yana tsince wuraren rigima ya nuna, domin ba mai zama ya kalli mutum yana guga lafiya lau. Amma rigimar tana da tushe. Ran da baƙi za su sauka, babbansu yakan miƙa wa kyaftin ambulan na tukuici, sau da yawa dala 15,000 zuwa 20,000. In miya ta yi sanyi ko aka makara da tawul, ambulan ya rame, kowa ya yi hasara. Mutumin da bai yi barci ba, wanda kuma abincinsa ya rataya ga fara'ar mai kuɗi, ba shi da ikon ɗaga wa mai kuɗin murya. Saboda haka sai ya juya ya huce a kan na kusa da shi. Attajiri ya sha iska, kamfani ya sayar da hoton hawayen barori ya cika aljihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu 'yan'uwa, mu ajiye waya mu dubi kasuwarmu. Mota ta tsaya da buhunan masara, 'yan dako biyar suka rufa a kan buhu ɗaya, har a kai ga shaƙe wuya, mai kaya kuwa yana tsaye yana jiran wanda zai ɗauka da araha. A tasha ɗan kamasho da yaron mota suna zage-zage a kan naira 200, mai motar yana kwance a Gusau. A shago babban yaro yana kai ƙarar ƙarami wurin ubangida, don kada a riga shi samun sallama. Wane ne a cikinmu bai ga wannan ba, daga Bunguɗu har Tsafe? Ashe hotonmu muke kallo muna dariya.

Wannan dabara tsohuwa ce. A zamanin Turawa, jakadan da ke zuwa karɓar haraji da jangali talaka ne ɗan talaka, haka dogarin da ke riƙe da bulala, haka helman da ke kora mutane aikin hanya. Na sama ba ya taɓa ka da hannunsa. Sai ya zaɓi ɗaya daga cikinku ya ɗan ɗaga shi, ya ba shi bulala, ku yi ta tsine masa, ku manta da wanda ya aiko shi. Iyayenmu sun taɓa gane wannan. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan reluwe da sauran ma'aikatan gwamnati suka ajiye aiki fiye da kwana 40, Michael Imoudu na gaba, daga baya kuma dole aka ƙara musu kuɗin tsadar rayuwa. Da lebura ya tsaya zagin helma, helma ya tsaya zagin akawu, da ko anini ba a ƙara ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, barorin jirgin nan sun fi mu abu uku. Na farko, bayan albashinsu, tukuicin nan a gaban kowa kyaftin yake faɗin adadinsa, a raba daidai, mai wanke bayan gida ya sami abin da kuku ya samu. Na biyu, akwai yarjejeniyar duniya ta ma'aikatan jirgin ruwa ta 2006, wadda ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Ko an taka ta, akalla tana nan a rubuce. Na uku, suna da wurin kai kuka. Cikin reshen shirin da aka ɗauka a Ostareliya, wanda aka nuna a 2023, wani helma ya shiga gadon wata ma'aikaciya tana barci. Masu ɗaukar hoto suka fitar da shi, shugabar mata Aesha Scott ta tashi kyaftin Jason Chambers cikin dare, aka sauke mutumin daga jirgi a daren, gari na wayewa aka kore shi. Ba a ce helma ne ba, a rufa masa asiri. Ku gaya mana, yarinyar da ke wanke-wanke a rumfar mai abinci, in irin wannan ta same ta, wa za ta tasa cikin dare?

Kada kowa ya ce doka ta tsare su. A 2024 an sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Amma dokar ta tsame wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, da masu aikin kamasho, da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi, da 'yan ƙodagon gona na damina. Watau ɗan dako da yaron shago da yaron mota duk suna waje. In ba mu yi musu tsari da kanmu ba, babu mai zuwa daga Abuja ya yi musu.

Nan ne maganar za ta yi ɗaci, amma dole a faɗe ta. Da yawa cikin masu karanta jaridar nan 'yan kasuwa ne, kuma kowannensu kyaftin ne a rumfarsa. Da rana muna kukan manya sun danne mu, da yamma mu hana yaro kuɗin abinci don ya fasa kwalba. Mun san wanda ya riƙe yaro shekara bakwai da alkawarin jari, da lokaci ya yi sai ya ƙaga masa sata ya kore shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka muna roƙon shugabannin kasuwa da na tasha su zauna da 'yan dako a yanka kuɗin ɗaukar buhu, a rubuta a allo inda kowa zai gani, a kuma riƙa ɗauka bi da bi. Kuɗin da aka tara a tasha a ƙirga shi a fili kafin a raba. Duk mai ɗaukar yaron shago ya yi takarda gaban shaidu biyu da iyayen yaron, a faɗi shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi. A kuma zaɓi dattawa uku, har da mace guda, waɗanda yaro ko yarinya za su kai wa kuka ba tare da tsoron kora ba. Duk wannan bai kai kuɗin buhun gero ɗaya ba.

Samari kuwa, ba mu hana ku kallo ba. Amma in kun ga barori biyu suna cacar baki, ku tambayi kanku wa ke zaune a sama yana shan iska. Gobe in mota ta tsaya a kasuwa, ku sake yin wannan tambaya kafin ku kama wuyan ɗan'uwanku.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.