Hoton amarya a gandun daji: ina za a je, wa zai biya?

 

Hatsi ya shiga rumbu, kuma mun san abin da ke biyo baya: goron ɗaurin aure ya fara zagaya gidaje. A irin wannan lokaci ne akwatin asusu yake shan wuya, don kowa tana son ramce a mako guda. Bana wani sabon abu ya shigo cikin lissafin buki. Ƴan matanmu suna ganin hotuna a salula, a Facebook da TikTok: amarya da ango cikin daji, rana tana faɗuwa, giwa ko raƙumin dawa a bayansu. Sai ɗiya ta zo ta ce, "Inna, ni ma irin wannan nake so." Da yawa daga hotunan nan a Kenya ko Afirka ta Kudu aka ɗauke su, wasu ma haɗi ne kawai na kwamfuta. Amma tunda maganar ta fara zuwa bakin akwati, gara mu san amsar da za mu bayar.

Mu ma muna da babban gandun daji na ƙasa, wanda ake kira W. Ya samu sunan ne daga yadda kogin Isa ya yi lanƙwasa a wurin kamar wannan harafi na boko. An kafa shi a 1954, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1996, kuma dajin ya ratsa har Benin da Burkina Faso. Ƙofar shiga ta wajenmu tana Tapowa, kamar kilomita 150 kudu da Yamai, ta hanyar Say da Tamu. Akwai giwa, ɓauna, zaki, dorina, ga manyan kukoki. Wuri ne mai kyau, ba a musu.

To amma ko lokacin da ake zaman lafiya, ba wurin buki ba ne. Ba a shiga sai da ɗan jagora, ba a sauka daga mota inda aka ga dama, ba a kiɗa, ba a guɗa. Dabba ba ta tsayawa a ɗauki hoto da ita. In ta ji hayaniya gudu za ta yi, in kuwa ɓauna ce, wataƙila ku ne za ku yi gudun. Da damina hanyoyin ba su biyuwa. Lokacin da aka fi ganin namun a bakin ruwa kuwa shi ne ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu, daidai zafin da ke narkar da kwalliyar amarya kafin a kai ƙofa. Yanzu kuma shekaru ke nan ƴan bindiga suna fakewa a dajin. Ko Kure, inda raƙuman dawa suke, kilomita 60 kawai daga Yamai, ba mu manta ran 9 ga Agusta 2020 ba, da aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan ƙasarmu biyu. Ni dai ba zan sa hannu a takardar ramcen da zai kai ɗiyar wata can ba.

Mutanen Maraɗi za su ce, ai ga Gadabeji a ƙasar Dakwaro, inda aka kawo raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018. Gaskiya ne. Sai dai dajin yana da faɗi, raƙuman kaɗan ne, hanyar rairayi ce, sai da mota mai ƙarfi da izinin ma'aikatan gandun daji. Za a iya ƙona mai wuni guda a dawo da hoton ciyawa.

Mu zo kan kuɗi. Wadda take zuba dala ɗari kowane mako, a shekara jika 26 ta tara. Hayar mota, mai, abinci, mai hoto da mai kwalliya na yini ɗaya tal za su haɗiye wannan, su nemi ƙari. A ce ta ramci jika 50, ƙungiyarta kuma tana ɗora kashi goma cikin ɗari a wata: bayan wata uku jika 65 ake bin ta. Wadda ta ramci kuɗi ta sari gujiya ta yi mai da ƙuli-ƙuli, daga cikin cinikin za ta biya. Wadda ta ramta don hoto fa, daga ina? Akuya za a kai kasuwa, ko a taɓa hatsin rumbu tun kafin bazara. Kuma ba ita kaɗai abin yake shafa ba: in ta makara, wadda ke jiran layi don jarin sana'a ita ma ta tsaya. Shawarata, kowace ƙungiya ta zauna tun yanzu ta yanke iyakar abin da za a bayar don buki, a rubuta, kada sai uwar amarya tana tsaye da hawaye a fara gardama. Uwar amarya kuma ta jera bukatunta a takarda: katifa, tukwane da kwanoni, gara, abincin baƙi. Hoto ya zo a ƙasa, kuma ba laifi ba ne a ce wa ango wannan nasa ne.

Akwai abin da ya fi kuɗi damuna, shi ne hoton da ake yi kafin a ɗaura aure. Yarinya da saurayi a mota, nesa da gida, ba a shafa fatiha ba. Aure nufin Allah ne, mun sha ganin an sa rana an fasa. Lefe ana mayarwa, goro an riga an cinye, amma hoton da ya shiga salular mutum ashirin ba mai iya karɓo shi. Namijin zai yi aurensa hankali kwance, yarinyar ce za a riƙa nunawa. Saboda haka a bari sai bayan ɗaurin aure, kuma a tafi da yaya ko gwaggo.

Wurin hoto mai kyau kuwa bai ƙare ba. A Yamai ga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka fi sani da Muze: akwai zaki da dorina a killace, ga bukkoki da tantuna irin na gargajiya. A Damagaram ga gidajen Birni masu zane a bango. Mutanen Maraɗi ga bakin tafkin Madarunfa. Ko gindin gawo a gonar gida, in aka je bayan la'asar rana ta yi sanyi, lalle da zanen amarya za su fito fes. Inda akwai masu kula da wuri, a tambaye su tukuna ko ana biyan wani abu don ɗaukar hoto.

Da mai hoto kuma a yi magana a gaban shaida. Nawa ne duka, har da kuɗin motarsa? Hoto nawa zai wanke a takarda? Yaushe zai kawo? A ba shi rabi, sauran sai kaya sun zo hannu. A faɗa masa ƙarara cewa ba a yarda ya sa fuskar amarya a shafinsa don talla ba, don da yawansu haka suke yi ba tare da sun tambaya ba. A dage kan na takarda, ko guda goma ne. Salula tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da aka matsu. Na takardar a sa shi cikin leda, a ajiye a ƙasan akwati inda gara ba za ta kai ba.