Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Cikin Gida

Ranka ya daɗe,

Daga Kakuri nake rubuto maka kan baƙin da suka yi aure a Najeriya, mutuwa ta raba su da abokan zama, ta bar musu marayu.

Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa yaran damar zama 'yan ƙasa ta hanyar uba ko uwa. Sashe na 26 ya yarda matar ɗan Najeriya ta yi rajistar zama 'yar ƙasa, ko da mijin ya rasu. Amma baƙon da ya auri 'yar Najeriya sai ya bi Sashe na 27, mai neman shekara 15 na zama.

A unguwannin Nasarawa da Barnawa na Kaduna, 'yar Nijar kan fita takaba, dangin miji su riƙe takardar aure da ta haihuwar yara, su ce ta koma gida ita kaɗai. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara mata fargaba.

Muna roƙonka ka umarci Hukumar Shige da Fice ta ba irin waɗannan iyaye izinin zama, ka kuma goyi bayan gyaran Sashe na 26 ya haɗa da maza.

Naka,
Wani mazaunin Kakuri, Kaduna