Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

A majalisarmu ta bayan sallar Isha'i, a ƙofar wani shagon ɗinki da ke unguwarmu a Katsina, akwai wani yaro da lissafi bai yi masa wuya ba, tunda wayarsa ce ke yi masa. Da an ambaci wani da ke ƙasar waje sai ya zaro ta ya hau danne-danne. Wani dare a ƙarshen shekarar 2024 hira ta biyo ta kan ɗan ƙanwata da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila, ni kuma na yi suɓul da baka na ce bayan an cire masa haraji yakan tashi da fam 1,600 a wata. Ban rufe baki ba yaron nan ya buga da naira dubu biyu, canjin lokacin, ya miƙo mini wayar har gaban hanci.

"Baba, miliyan uku da dubu ɗari biyu fa! Kuma duk wata!"

Majalisa ta ɗauki salati. Wani ya ce ai gidanmu mun warke. Mai shagon, wanda shi ne ma'ajin kwamitin masallaci, ya tuna mini cewa har yanzu ba a gama rufin kwano ba.

Ranar Lahadi na kira ɗan ƙanwar tawa, na ba shi labari don mu yi dariya. Bai yi dariya sosai ba. Ya ce, "Kawu, ka ce su buga wannan ma." Ɗakin da yake kwana, ɗaki ɗaya tal a gidan da mutum biyar ke karɓa-karɓar madafa da banɗaki, fam 600 yake biya a wata. A wayar yaron majalisa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan, kuɗin da zai kama wa mutum gida sukutum na shekara a unguwarmu har a maido masa canji. Sai kuɗin bas, sai cefane, sai rigunan sanyi, sai bashin tafiyar da har yanzu ake biya, domin filin mahaifinsa da aka sayar bai isa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aski. Fam 15 ake yi masa, wato naira dubu talatin, kusan rabin mafi ƙarancin albashin Najeriya a kan gashin kai ɗaya. Tuni ya sayi injin aski, shi da wani ɗan Gana suna yi wa juna.

Kada a ɗauke ni cikin masu cewa babu komai a Turai sai sanyi da wahala. Wannan ma ƙarya ce, irin ta wanda aka hana biza. A lokacin, doka ta ce kada a biya ma'aikacin da ya kai shekara 21 a Birtaniya ƙasa da fam 11.44 a awa. Litar fetur a can ta kai kusan naira 2,700 idan aka juya, fiye da ninki biyu na tamu, amma aikin awa ɗaya yana saya wa ɗan ƙanwata kusan lita takwas. Masinjan ofis a nan da ke kan naira 70,000 a lokacin sai ya yini cur yana aiki kafin ya samu kuɗin lita uku. Man can ya fi tsada a takarda, na nan ya fi tsada a jiki. Haka abinci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2019 ya nuna fiye da rabin abin da magidanta ke kashewa a Najeriya a tukunya yake ƙarewa, alhali a Birtaniya bai fi kashi ɗaya cikin goma da ɗan ɗoriya ba. Tun a 1857 wani Bajamushe masanin ƙididdiga, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da ciki ke cinyewa. Matan aure sun riga shi sani, ba su dai rubuta ba.

Da a majalisa kawai ake irin wannan lissafi da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame ni shi ne hukuma ma shi take yi, sai dai ita ta baya take hawansa. Yaron majalisa yana juya albashin waje zuwa naira ya mance da tsadar can. Hukuma kuwa tana juya farashin waje zuwa naira ta mance da albashin can.

Ranar 1 ga Oktoban 2020, a jawabin cikar Najeriya shekara 60 da samun 'yanci, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya jero mana farashin litar fetur a wasu ƙasashe: Chadi naira 362, Nijar 346, Gana 326, Masar 211, Saudiyya 168, mu kuma 161. Ya ce babu hikima a ce mai ya fi araha a Najeriya a kan Saudiyya. Alƙaluman ban musa su ba. Abin da aka bari a aljihu shi ne, a lokacin mafi ƙarancin albashin ɗan ƙasa a Saudiyya riyal 3,000 ne, wato dalar Amurka 800, sama da naira dubu ɗari uku a canjin gwamnati. Namu kuwa dubu talatin, shi ma jihohi da dama suna ta noƙe-noƙe wajen biya. Balaraben da ke can ƙasan tsani zai sha lita wajen 1,800 da albashinsa na wata, takwaransa na nan lita 186. (Wancan riyal 3,000 ɗin na 'yan ƙasa ne. 'Yan'uwanmu da ke aikatau a gidajen Jidda da Makka ba su cikin wannan lissafi, kuma su ma a gida ana buga musu nasu a waya.)

Tun daga ranar har yau waƙar ba ta canja ba, mawaƙan ne suke canjawa. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Duk lokacin da aka ƙara sai an samu mai fitowa a rediyo ya ce har yanzu mun fi maƙwabta sauƙi. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi 70,000, ana ta murna an ninka har da ɗoriya. Amma dubu talatin ɗin farkon 2023 tana sayen lita sama da 150, dubu saba'in ɗin ƙarshen 2024 ba ta kai lita 70 ba. A daidai lokacin nan kuma buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce albashin gaba ɗayansa.

Ga inda nake ganin gizo ke saƙar. Kayan duniya iri biyu ne. Akwai masu hawa mota ko jirgi su tsallaka iyaka: fetur, taki, magani, waya, kayan gyaran mota, har gero da masara. Waɗannan farashinsu na bin canji kamar jela, domin in ba ka saya a farashin duniya ba wani zai saya a hayin iyaka. Akwai kuma waɗanda ba su zuwa ko'ina: aski, ɗinki, hayar ɗaki, dakon kaya, koyarwa a aji. Su kuma ƙarfin aljihun unguwa suke bi. Shi ya sa aski ke naira dubu talatin a Ingila, a nan kuwa in wanzami ya ce dubu ɗaya sai an yi ciniki. To talakan Najeriya abin da yake sayarwa, wato guminsa, yana cikin kashi na biyu, abin da yake saye kuma yawancinsa na kashin farko ne. Da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023 ta nemi matsayinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kwalin maganin hawan jini ya bi ta a guje. Albashin malamin firamare ya tsaya yana kallo. Kujerar Hajji, wadda kusan komai nata da dala da riyal ake biya, ta tashi daga ƙasa da miliyan uku a 2023 zuwa sama da miliyan takwas a 2025, kuma ba Makka ce ta ƙara nisa ba.

Ni dai ba sai na je Ingila na ga wannan ba, domin matata 'yar Maraɗi ce. Muna yara, in aka ba mu sefa a yawon Sallah raina ta muke yi. Ko a 2014 jaka ɗaya ta sefa, wato tamma dubu, ba ta wuce naira ɗari uku da 'yan kai ba. A ƙarshen 2024 'yan canjin Jibiya suna ba da wajen naira 2,500 a kanta. Sefa ba wani ƙarfi ta ƙara ba. A ɗaure take da kuɗin yuro, tamma 655.957 a kan yuro ɗaya, ta tsaya inda take, naira ce ta zame ta bar ta a sama. Yanzu surukaina in sun zo biki, da 'yar jakar hannu suke shiga kasuwa su fito da atamfofi niƙi-niƙi suna cewa kaya sun yi araha a Najeriya, a gaban matan gidanmu da suka shekara ba su ɗinka sabo ba. Dukansu gaskiya suke faɗa, a kan turmin atamfa ɗaya.

A gwada ma'aunin mai a nan ma. A 2024 hukumomin Nijar sun mayar da mafi ƙarancin albashi jaka 42, suka rage litar fetur daga tamma 540 zuwa 499. In aka juya a canjin ƙarshen shekarar, litarsu ta kai naira 1,250, ta fi tamu tsada a lokacin, kuma mai magana a rediyo zai iya kafa hujja da haka bai yi ƙarya ba. Amma jaka 42 tana sayen lita 84, ta fi abin da dubu saba'in ke saye a nan a lokacin. Ba ina cewa Nijar ta zama aljanna ba ne. Masu albashin wata a can 'yan tsiraru ne, akasarin jama'a sai abin da damina ta bayar, kuma a watan Maris na 2025 an sha dogayen layuka a gidajen mai na Yamai, saboda man fasa-ƙwaurin da ke shiga daga Najeriya ya ja baya tun da ribarsa ta ƙare, matatar Damagaram kuma ba ta iya ƙosar da ƙasar ita kaɗai. Tallafin da aka cire a Abuja ashe har da 'yan bumburutun Ɗan Isa yake ciyarwa.

Don haka roƙona ga 'yan jarida, musamman masu hira da jami'ai a gidajen rediyo, ɗaya ne. Duk wanda ya ce muku kaza ya fi araha a Najeriya a kan ƙasa kaza, kada ku bar shi ya wuce sai ya faɗi kwana nawa lebura ke aiki a can kafin ya saya, kwana nawa kuma a nan. In bai sani ba ya je ya tambayo, shirin ya jira shi.

Shi kuwa ɗan ƙanwata yakan turo fam 150 duk wata, a raba tsakanin mahaifiyarsa da masu bashi. Watan da naira ta ɗan farfaɗo, uwar ta kira ni tana tambaya ko yaron ya rage ne, don kuɗin ba su kai na wancan watan ba. Na ce mata bai rage ko kwabo ba. Da na faɗa masa, sai ya ce in an samu mai zuwa a haɗo masa da kuka da daddawa, domin ɗan ƙullin kukar da ya gani a shagon 'yan Afirka, da ya buga shi a waya, ajiyewa ya yi ya fito.