Kada Ku Bar Na Baya

Ya ku samarin Kaya da sauran ƙauyukan Maradun, Bakura da Talatar Mafara, ku saurara.

Waɗansu sukan ce wauta ce mutum ya yi gudu ba a kore shi ba. Ba haka ba ne. Gudu yana ƙarfafa zuciya, yana taimakawa wajen kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya yi motsa jiki mai ƙarfi irin gudu aƙalla minti 75 a mako.

Amma mai farawa shi kaɗai da wuya ya ɗore. Saboda haka ku haɗu ku uku ko huɗu, ku fita bayan sallar asuba tun rana ba ta yi zafi ba. Ku yi gudu minti 1, tafiya minti 2, kuna ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako.

Ku bi saurin wanda ya fi kowa nawa. Wanda aka yi wa dariya yau ba zai fito gobe ba, sai ku ce masa sannu da ƙoƙari. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya, ku raka shi asibiti.

Sannu ba ta hana zuwa.