Lauyan Majalisar Ɗinkin Duniya: Wa Yake Karewa?

A cikin ayyukan da ɗalibin shari'a ke mafarkin samu, kaɗan ne suka kai na lauya a Majalisar Ɗinkin Duniya farin jini: albashi da dala, shuɗiyar takardar tafiya mai buɗe ƙofofi, ofis a New York ko Janeba. Aikin kansa ba abin raini ba ne. Waɗannan lauyoyi su ke tsara yarjejeniyar da ake ƙullawa da ƙasa kafin dakarun kiyaye zaman lafiya su sauka a cikinta, su ke bin diddigin kwangilolin sayen abinci da hayar jirage, su ke kuma tsayawa a madadin Babban Sakatare a kotun cikin gida da aka kafa a 2009 domin sauraren koken ma'aikata. Sai dai akwai wani ɓangare na aikin da ba a cika faɗa wa masu sha'awarsa ba, wato gadin rigar kariya. A nan ne, a ganina, sana'ar ta saki hanya.

Rigar kariyar tana da asali mai kyau. Sashe na 105 na kundin da ya kafa Majalisar, tare da yarjejeniyar 1946 kan alfarma da kariya, sun hana kotun kowace ƙasa gurfanar da ita sai da yardarta. Dalilin a fili yake. Da babu wannan, duk gwamnatin da rahoton Majalisar ya ɓata wa rai sai ta sa alƙalinta ya rufe asusun hukumar ko ya ƙwace motocinta. Amma waɗanda suka rubuta yarjejeniyar ba su bayar da kariyar kyauta ba. A sashe na 29 sun wajabta wa Majalisar ta tanadi wata hanya ta sasanta koken mutanen da ta cutar a al'amuran da suka shafi haƙƙin ɗaiɗaikun jama'a. Ma'ana, an kare ta daga kotu ne, ba daga biyan haƙƙi ba.

Yanzu a dubi abin da ya faru a Haiti. A watan Oktoban 2010, watanni tara bayan girgizar ƙasar da ta ragargaza Port-au-Prince, cutar kwalara ta ɓulla a yankin kogin Artibonite, a ƙasar da ta yi fiye da ƙarni ba ta san cutar ba. Sansanin sojojin Nepal da ke aiki ƙarƙashin tutar Majalisar yana kusa da garin Mirebalais, kuma ƙazantar bayan gidansu tana malala cikin wani rafi da ke shiga kogin da talakawa ke sha, suke wanka, suke wanki. Binciken ƙwayar cutar ya nuna ta yi daidai da wadda ke yawo a Nepal a lokacin. Mutum fiye da 800,000 suka kamu, kimanin 10,000 suka mutu. Wanda ya taɓa ganin yadda amai da gudawa ke tsotse yaro cikin yini guda a damina ba ya buƙatar a fassara masa waɗannan alƙaluma.

A Nuwamban 2011 lauyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka miƙa koke a madadin mutum 5,000. Suka jira wata goma sha biyar. A Fabrairun 2013 amsa ta fito daga ofishin shari'a na Majalisar, da sa hannun shugabarsa ta lokacin, Patricia O'Brien: ba za a ma karɓi koken ba, domin duba shi zai kai ga bitar al'amuran siyasa da manufofi.

A tsaya a kan wannan hujja, don ita ce cibiyar maganar. Idan motar Majalisar ta kaɗe mutum a titi, ana biyan diyya, babu mai kiran wannan siyasa. To, ta yaya sakaci wajen zubar da najasa ya zama siyasa? Haƙa masai da kwashe shi aikin tsafta ne, irin wanda ake ba ɗan kwangila. Bambancin kawai shi ne mai mota ya kashe mutum ɗaya, masai ya kashe dubbai. Abin da wasiƙar ta koyar ke nan: ƙaramar ɓarna ana biya, babba kuwa sai a sauya mata suna. Kuma yarjejeniyar da Majalisar ta sa wa hannu da Haiti a 2004 ta yi alƙawarin kafa kwamitin dindindin na sauraren irin wannan koke. Ba a kafa shi ba. Da masu ƙara suka garzaya kotun tarayya a New York, aka kori ƙarar a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar a Agustan 2016. Ƙofar waje a rufe saboda rigar kariya, ƙofar ciki a rufe saboda fatawar lauya.

Abin da ya fi ciwo shi ne Majalisar ta san hanyar diyya sarai idan ita aka cuta. Bayan kisan mai shiga tsakaninta, Folke Bernadotte, a birnin Ƙudus a 1948, ta nemi fatawar Kotun Duniya, kotun kuma ta ce a 1949 tana da hurumin neman diyya a kan ƙasa, Isra'ila kuwa ta biya. Ta kuma san hanyar idan mai kukan yana da gata. A 1965 ta amince ta biya Beljiyam dala miliyan ɗaya da rabi saboda ɓarnar da dakarunta suka yi wa 'yan ƙasar a Kwango. Babu wanda ya ce wa Turawan Beljiyam kukansu siyasa ne. An faɗa wa mutanen Haiti, an kuma faɗa wa 'yan ƙabilar Roma da gubar dalma ta illata 'ya'yansu a sansanonin da Majalisar ta tsugunar da su a Mitrovica ta Kosovo.

Na san amsar masu kare lauyoyin. Za su ce lauya shawara kawai yake bayarwa, kuma wajibinsa ne ya kare wanda ya ɗauke shi aiki. Za su ƙara da cewa kuɗin Majalisar na ƙasashe ne, idan aka buɗe ƙofar diyya manyan masu zuba kuɗi za su ja baya, ayyukan ceto su durƙushe. Tsoron ba na banza ba ne. Amma hujja ce ta ma'aji, ba ta masanin shari'a ba. Idan babu kuɗi, a fito a ce babu kuɗi, a je gaban Babban Zaure a nema. Abin da bai halatta ba shi ne a yi wa rashin kuɗi rawani da alkyabbar shari'a. Sannan lauyan kamfani yana da abokin gaba da alƙali a gabansa, idan ya murɗe doka akwai mai gyara masa zama. Lauyan Majalisar a irin wannan koke shi ne mai kare wanda ake ƙara, shi ne kuma mai yanke ko za a saurari ƙarar. Wanda ke riƙe da wuƙa da nama haka, nauyin da ke kansa ya fi na lauya, ya kusa da na alƙali. Hausawa suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban ce mugaye ne ba, amma shawarar bafade ce ta ɗaure bakin sarki shekara shida.

Ba daga waje kaɗai sukar ta fito ba. Philip Alston, masanin shari'a kuma wakilin Majalisar na musamman kan matsanancin talauci a lokacin, ya gabatar da rahoto a 2016 inda ya ce matsayin bai da madafa a ɗabi'a ko a doka, kuma cutar da Majalisar yake yi a siyasance. Ya kuma koka cewa ba a taɓa bayyana cikakkiyar shawarar shari'ar da aka dogara da ita ba. Hukumar da ke yawo duniya tana yi wa gwamnatoci wa'azin bin doka da fayyace gaskiya ta ɓoye hujjarta.

A ranar 1 ga Disamban 2016, saura wata guda ya bar mulki, Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti a gaban Babban Zaure. An auna kalmomin da kyau: ya amsa nauyi na ɗabi'a, bai amsa na shari'a ba. Aka sanar da shirin dala miliyan 400, ba a matsayin diyya ba, a matsayin gudummawar ganin dama daga ƙasashe. Ɗan abin da aka tara bai kai ko kusa da haka ba, kuma an karkatar da shi ga ayyukan al'umma maimakon hannun iyalan mamatan. Rundunar da ta kawo cutar ta naɗe tabarmarta a Oktoban 2017, ba tare da kwamitin sauraren koken da aka yi alƙawari a 2004 ya zauna ko sau ɗaya ba.