Idan Mutum Ɗaya Ya Hana Ayari Tafiya

A wannan wata filin namu zai leƙa wani wasa ne da wasu daga cikin samarinmu masu karatu a birane suka fara shigowa da shi unguwa, da kuma wata matsala da takan watsa masu yinsa, har abokai su koma gaisuwa daga nesa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, wasa ne na zama, ana kewaye tebur ko tabarma, mutum huɗu ko biyar ko shida. Kowa yana da jarumi guda da ya ƙaga, ya raɗa masa suna, ya rubuta ƙarfinsa da dabararsa da rauninsa a takarda. Mutum ɗaya kuma shi ke riƙe da labarin. Shi zai ce, "Ga ku a bakin kogi, magariba ta yi, mai fito ya ƙi ƙetarar da ku. Me za ku yi?" Sai kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwaya irin ta ludo don a ga ko ya dace ko bai dace ba. Wata ƙwayar ma fuskarta ashirin ce. Ba a sa kuɗi, ba wanda ake cinyewa, don haka kada iyaye su ɗauka caca ce. Wanda ya fi shahara cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. Turawa suna da sunansu na mai riƙe da labarin, amma mu jikokin fataken goro ba mu ga sunan da ya fi dacewa da shi ba kamar madugu, 'yan wasan kuwa su ne ayarinsa. Wanda ba ya son labarin dodanni da matsafa yana iya ɗora wasan a kan hanyar Kano zuwa Salaga, da jakuna da 'yan fashi da masu karɓar fito, ba abin da zai ragu.

To, kusan kowane ayari akwai mutum ɗaya da kowa ya san halinsa. Ana labari yana latsa waya. In an zo kansa sai ya ɗago ya ce, "Wai ina muke ne?" A sake maimaita masa. Can kuma, ayari ya sha wahala ya samu an shigar da shi gaban sarkin garin don neman izinin wucewa, sai ya ce jaruminsa ya mari dogari, ko ya cinna wa kasuwa wuta, ko ya yanke jakar abokin tafiyarsa. In an yi magana ya ce, "Ai halin jarumin nawa ke nan." Shi dai ya yi dariya, sauran kuwa shirin da suka yi mako biyu suna yi ya bi ruwa.

Mu malaman makaranta mun san wannan yaro tun kafin mu san wasan. A aji, yara iri biyu ne suka fi surutu: wanda ya gama aikinsa da wuri ya rasa abin yi, da wanda tun a layin farko aka bar shi a baya, yana kunyar ya ce bai gane ba. Surutunsu ɗaya, amma maganinsu daban. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin madugu ya yanke cewa wane ɗan iska ne, ya kamata ya yi ɗan lissafi. A ƙa'idar Dungeons & Dragons ta 2014, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne kacal a cikin labari. Amma a kan tebur, in mutum biyar ne kuma kowa ya ci minti uku yana tunani yana duba takarda, sa'an nan madugu ya motsa abokan gaba, sai mutum ya jira kusan rubu'in awa kafin a sake zuwa kansa. In ya jefa ƙwaya ya kuskure, shi ke nan, wani rubu'in awa kuma. Wanda ya yi awa guda bai taɓuka komai ba, ba mamaki in ya gano cewa hanya mafi sauri ta sa kowa ya juyo gare shi ita ce ya ƙona kasuwa.

Wani marubucin wasanni ɗan Kanada, Robin Laws, ya fitar da ɗan littafi a 2002 inda ya kasa 'yan wasa gida bakwai. Akwai mai son jaruminsa ya yi ta ƙara ƙarfi, akwai wanda faɗa kawai ya kawo shi, akwai mai son tsara dabara, akwai mai son shiga rigar jarumi ya yi magana da muryarsa, da sauransu. Wanda ya fi ba mu sha'awa a ciki shi ne na ƙarshe, watau wanda ya zo don zama da abokai kawai. Irin wannan yakan yi shiru, ba ya son a tsaya a kansa, kuma yana jin daɗinsa a haka. Kuskure ne madugu ya matsa masa lallai sai ya yi jawabi a gaban sarki. Shiru ba laifi ba ne. Maganarmu a kan wanda rashin sha'awarsa ta zama cutarwa ga wasu ce.

Abin da ya fi jan madugu, musamman sabon shiga, shi ne ya rama a cikin labari. Tun da shi ke riƙe da duniyar, sai ya sa dogarai ɗari su far wa jarumin, ko dutse ya gangaro masa, ko a ɗaure shi a kurkuku har ƙarshen zama. Muna ganin wannan ba ya magani. Na farko dai, mai ɓarnar ya samu abin da yake nema, domin yinin gaba ɗaya ya koma kansa, ana ta shari'ar jaruminsa sauran suna hamma. Abin da ya fi wannan muni kuwa, sauran 'yan wasa sun ga cewa madugu yana iya murɗa ƙwaya don huce haushi. Daga ranar nan, duk sa'ad da jarumin wani ya faɗi, zai riƙa tambayar kansa ko ƙaddara ce ko kuwa ya ɓata wa madugu rai ne. Dukiyar madugu ita ce amanar da aka ba shi, kamar alƙalin wasan ƙwallo. Jarumin takarda bai yi laifi ba, wanda ke zaune a kan tabarma shi ya yi, kuma da shi za a yi magana.

Maganar nan kuwa tana da ladabinta. Ba a gaban jama'a ake yi ba, domin wanda aka kunyata a gaban abokansa sai ya ƙara taurin kai don ya tsira da mutunci. Hannunka mai sanda ma ba ya isa, don irin wannan mutum yakan yi kamar ba da shi ake ba. A raka shi hanya bayan an tashi, ko a zauna wurin mai shayi, a faɗi abu takamaimai. Kada a ce masa, "Kullum kai ke ɓata mana wasa." A ce, "Ɗan'uwa, ranar Asabar da ka sa aka ƙona kasuwa, ka lura ƙanwarmu ba ta sake buɗe baki ba? Mako biyu tana shirya abin da za ta gaya wa sarkin." Sa'an nan a tambaye shi wane ɓangare na wasan ne yake masa daɗi, a kuma yi shiru a saurara. In ya girmi madugu, kamar yadda yakan faru a unguwanninmu, sai a sassauta harshe: "Yaya, shawara nake nema a wurinka." Ko a bi ta hannun sa'ansa da yake jin nauyinsa.

Sau da yawa amsar da za a ji mai sauƙi ce. Wani zai ce ƙa'idojin sun yi masa yawa, ga su cikin Turanci mai wuya, ya ɓace tun zama na biyu. Wannan sai a rubuta masa abu uku da jaruminsa ya iya a ƙaramar takarda, da Hausa. Wani zai ce hira ta yi yawa, shi faɗa yake so. Sai madugu ya tabbata ba a yin awa guda ba a samu abin motsa jini ba. Akwai kuma dabarar da kowane malami ya sani, ta naɗa mai surutu monita. Ayarin da ma ba madugu kaɗai ke riƙe da shi ba, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki. A ba shi zanen taswira, ko rubuta jerin wanda ke biye da wane a faɗa, ko riƙon asusun ayari. Madugu kuma ya riƙa cewa, "Wane, kai ne yanzu, wance ki shirya, ke ce biye," don kowa ya yi tunaninsa tun kafin a zo kansa.

Gara ma a tare abin tun kafin ya faru. Masu wasan suna da al'adar yin zaman share fage kafin a fara labari, har kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya mallaki wasan tun 1997, ya sa bayaninsa a wani littafin ƙa'idoji da ya fitar a 2020. A zaman nan ake amincewa da irin labarin da za a yi, da ranar haɗuwa, da inda za a ajiye waya, da lokacin tashi salla. A nan ne kuma ake kafa doka cewa ba jarumin da zai saci kayan ɗan ayari ko ya kai masa hari sai mai jarumin ya yarda, kuma kowa ya ƙago jarumin da ke da dalilin tafiya tare da mutane. In an yi haka, ranar da wani ya ce halin jaruminsa ke nan, sai a tuna masa cewa shi ya ƙaga shi, shi kuma zai iya gyara masa hali.

Saura wanda aka yi wa duk wannan, zama biyu, zama uku, bai sake ba. Nan ne kunyarmu ta Hausawa takan cuce mu. Muna jin nauyin mu ce wa mutum ya dakata, sai mu yi ta haƙuri, alhali kuwa ba madugu ke biyan kuɗin haƙurin ba. Masu biya su ne yarinyar nan mai kawaici da yaron nan mai in'ina, waɗanda da ƙyar suka samu wurin da ake sauraronsu. Su ba za su yi ƙorafi ba. Za su fara cewa an aike su, ko suna da aikin gida, har wata Asabar madugu ya shimfiɗa tabarma ya ga daga shi sai mai ƙona kasuwa.

Don haka in lokaci ya yi, madugu ya faɗa masa da bakinsa, kada ya sauya ranar wasa a ɓoye, domin unguwa ƙarama ce, zai ji, kuma wannan ya fi ciwo. A ce masa, "Abokina, mun ga wasan nan ba ya maka daɗi, mu kuma muna son mu ci gaba da shi yadda muka shirya. Ka huta da shi tukuna." A kuma nuna a aikace cewa zumunci yana nan: a kira shi ludo, a je kallon ƙwallo tare, a ci tuwon sallarsa. Jaruminsa kuwa kada a kashe shi. Madugu ya ce ya tsaya a wani zango yana jinyar jakinsa, a ninke takardarsa a sa cikin littafi, ko wata rana zai so ya cim ma ayari.