Ƙofar da ke rufewa a shekara 45 muna wurin biki

A wani masallaci a Aboabo, cikin Kumasi, an idar da sallar La'asar sai ladan ya miƙe ya ce jama'a su ɗan dakata. Wani dattijo na kwance a asibiti, ana neman kuɗin magani. Da aka ambaci sunansa sai sahu ya yi tsit, domin babu wanda bai san shi ba. Mutum ne da ya yi fiye da shekara talatin yana fataucin shanu, ya aurar da 'ya'yan wasu, ya ciyar da almajirai, a zamaninsa ba a ɗaura aure a unguwar ba a ga babbar rigarsa a gaba ba. Aka zagaya da hula, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Na jefa nawa na fito, amma har na isa gida ina lissafin shekaruna. A lokacin ina da 43, kuma ban da jarin shago da wata 'yar ajiya da ba za ta kai ni wata uku ba, ba ni da komai.

Ina rubuta wannan ne domin tsararrakina, maza da mata na zangunan Ghana da suka haura arba'in, kuma ba da lallashi zan yi maganar ba. Mun gaji wata ƙarya mai daɗin ji, muna maimaita ta har ta zama kamar karatu: wai 'ya'yanmu su ne fanshonmu. A zamanin kakanninmu maganar tana da tushe. Gida ɗaya ne, tukunya ɗaya ce, ɗa yana gadon sana'ar ubansa a rumfar da uban ya zauna, tsoho kuwa ba ya buƙatar abin da ya wuce tuwo da goro da tabarma. Yau fa? Ɗanka na fari yana tuƙa babur a Accra, kuɗin hayar ɗakinsa na shekara biyu ake nema a dunƙule. Na biyu ya gama jami'a yana yawo da takardu. Na uku ya bi hamada yana neman hanyar Turai, kai ne ma kake masa addu'a da aike. 'Yarka tana gidan miji da nata nauyin. Waɗannan ne za ka ɗora wa hawan jini da ciwon sukari da kuɗin wuta na shekara ashirin? Ɗa nagari zai yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma wajibinsa ne. Amma uban da ya ci ƙarfinsa duka ya bar wa 'ya'ya tsufansa kaɗai ya ci bashi da sunansu ba tare da ya shawarce su ba.

Ƙarya ta biyu ita ce shago. "Ai ina da jari." Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Kantamanto a farkon Janairun 2025 ya san tsawon rayuwar jari: dare ɗaya. Ko ba gobara, shago yana ciyar da kai ne muddin ƙafarka na iya kai ka. Ranar da gwiwa ta ƙi, yaron shago ne zai zama mai shago.

Ban ce tsoron da mutanenmu ke yi wa gwamnati da banki ba shi da dalili ba. Yana da shi, kuma dalilin a rubuce yake. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa, zanguna suka watse, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu ma a nan aka haife su. Daga ranar kakanninmu suka koyi cewa dukiyar da ba ta shiga aljihu ko ƙullin zane ba, ba taka ba ce. A 2007 aka sauya kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. A 2017 Babban Banki ya fara rufe bankuna, a 2019 ya soke lasisin ƙananan cibiyoyin kuɗi 347 a rana ɗaya. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, gwamnati kuma ta nemi masu riƙe da takardun bashinta su haƙura da wani ɓangare na haƙƙinsu, har tsofaffi suka yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, cikinsu da tsohuwar Babbar Jojin ƙasa, Sophia Akuffo. Duk wannan ya faru. To amma a dubi wanda abin ya fi ci. Hauhawar farashin da ta rage darajar kuɗin banki ita ce ta cinye na ƙarƙashin katifa. Kuɗaɗen fansho kuwa, da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki, an cire su daga wancan tsari na farko. Masu ƙungiya da rajista sun sami mai tsaya musu. Mu da muka ɓuya daga takarda ba mu da kowa.

Ga abin da yawancinmu ba su sani ba, kuma shi ya sa nake gaggawa. Dokar fansho ta 2008 ta kasa tsarin gida uku. Na farko shi ne na SSNIT, wanda ke biyan mutum kowane wata har ya koma ga Mahaliccinsa. Mun ɗauka na ma'aikatan gwamnati ne da na kamfani, masu ɗaure wuya. Ba haka ba ne. Tela, mahauci, direban tirotiro, mai sayar da koko da ƙosai, mai wake da shinkafa, duk suna da damar shiga, kuma tun 2023 hukumar take yekuwar neman masu sana'ar kansu. Kai za ka faɗi abin da kake samu a wata, ka riƙa biyan kashi 13.5 cikin ɗari na wannan adadi, ana iya biya ta waya. Sharaɗin samun cikakken fansho na wata-wata shi ne ka biya na wata 180, wato shekara 15, ka kuma kai shekara 60. Saboda haka ne doka ta sa iyakar shekarun sabon shiga a 45. Wanda ya wuce nan bai taɓa rajista ba, wannan ƙofa ta rufe masa, ko da kuɗin na hannunsa.

Mu yi lissafin a fili, don kada a ce tatsuniya ce. A ce ka bayyana sidi 2,000 a wata. Abin da za ka biya sidi 270 ne, wato sidi 9 a rana. Bayan shekara 15 haƙƙinka kashi 37.5 cikin ɗari ne na matsakaicin abin da ka bayyana a shekaru uku mafiya tsoka, sidi 750 ke nan kowane wata, kuma hukumar kan duba adadin a farkon kowace shekara ta ƙara wani abu. Jimillar abin da ka zuba sidi 48,600 ne, za su dawo hannunka cikin kimanin shekara biyar da rabi, abin da ya biyo baya ƙari ne. Idan rashin lafiya ta nakasa ka kafin lokaci akwai fanshon nakasa, idan ajali ya riga, akwai abin da ake ba waɗanda ka rubuta sunayensu. Na san sidi 750 ba zai sa ka hau jirgi ba. Wanda ya fara tun yana ɗan 25 ya biya shekara 35 zai karɓi kashi 60, wato sidi 1,200 a kan adadi ɗaya, wannan gibin kuwa shi ne tarar jinkirinmu, babu mai yafe mana ita. Amma sidi 750 da ke shigowa ba tare da ka buga wa kowa waya ba shi ne zai hana a zagaya da hula da sunanka.

Sidi tara a rana. Wa zai rantse ba ya kashe fiye da haka a kan katin waya da shayi? Kuma mun iya tari, kada wani ya ce al'adarmu ba ta san shi ba. Iyayenmu mata sun riƙe adashi tun kafin a gina banki a garuruwan nan, mai susu kuma yana zagayawa kasuwa kullum, a ƙarshen wata ya riƙe zubin rana ɗaya ladan wahalarsa, ba mai ƙorafi. Matsalar ita ce inda kwasar take zuwa. Ana kwashe adashi ranar Alhamis, ranar Lahadi ya zama anko da rumfa da makaɗa da liƙi. Mace ta yi shekara tana tsaye gaban wuta tun Asuba, ta ɗinka kaya kala huɗu don bikin da ba na 'yarta ba, saboda kada a ce ba ta fito ba. Namiji ya ci bashi ya yi suna irin na gasa. Mun mai da biki haraji, kuma harajin da ya fi na gwamnati tsanani, domin mai karɓarsa bakin mutane ne. Ba na ƙin zumunci, da shi zango ya rayu a ƙasar da muke 'yan tsiraru. Amma zumuncin da ke tilasta wa mace 'yar 48 ta sayi leshi ta bar tsufanta a tsirara ya kamata a sake masa suna.

Akwai masu cewa tanadin tsufa rashin tawakkali ne. Wannan magana ta fi ba ni mamaki idan ta fito daga bakin wanda ya kulle shagonsa da kwaɗo uku. Duk yaron makarantar allo ya san labarin Annabi Yusufu da shekarun yalwa da aka yi tanadi a cikinsu domin shekarun fari. Batun riba kuwa tambaya ce ta gaskiya, ba zan yi mata ba'a ba, kuma amsarta tana wurin malamai. Sai dai ina da ƙorafi a kansu su ma. Malaman makaranta da 'yan sanda da ma'aikatan jinya daga cikinmu suna karɓar fanshonsu shekara da shekaru, ban ji an hau mumbari an hana su ba, me ya sa sai talaka mai sana'ar hannu ake bari cikin shakka? A Najeriya hukumar fansho ta buɗe asusu na musamman marar kuɗin ruwa tun 2021. Me ya hana limamanmu da sarakunan zango da 'yan majalisar da muke zaɓa su haɗa murya su nemi irinsa a nan? Muna da bakin neman kujerun Hajji kowace shekara, wannan ma ya cancanci zama ɗaya.

Wanda ya riga ya wuce 45 fa? Bai kamata ya naɗe hannu ba. Kashi na uku na dokar, na ganin dama, ba shi da waccan iyaka. Kamfanoni masu lasisin hukumar NPRA suna buɗe wa masu sana'ar kansu asusu mai aljihu biyu, ɗaya na tsufa, ɗaya na ajiya da za a iya taɓawa idan ta ɓaci. Ka tambayi lasisin kafin ka ba da ko sidi ɗaya. Idan kana da fili a gidan gado, ɗaki ɗaya na haya da aka gina a hankali, bulo bayan bulo, ya fi mota ta biyu. Ka kuma shirya yin aiki fiye da yadda ka so, ka koma sana'ar da jiki zai iya ɗauka a shekara 65 tun kana da ƙarfin koyonta. Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada haushin makara ya kai ka hannun masu ninka kuɗi. Mutum ɗan hamsin da ya farga a firgice shi ne abincinsu. Menzgold ta yi alkawarin riba mai tsoka duk wata har hukuma ta dakatar da ita a Satumban 2018, kuma cikin waɗanda suka yi kuka akwai tsofaffin da suka kai kuɗin sallamarsu gaba ɗaya. Duk wanda ya ce zai rama maka shekara ashirin cikin wata shida, shekarun da suka rage maka yake nema.

Ni dai na je da katin Ghana na yi rajista mako biyu bayan waccan La'asar, na yi ta jin kamar na tafi neman sadaka, har na ga mai gyaran takalmi a gabana a layi. Na rage anko, an yi gunaguni a dangi, wata gwaggona ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata sosai. Yanzu ta huce. Dattijon nan kuwa an sallame shi daga asibiti, yana zaune a ɗakin ƙanensa, kuma maganin da likita ya rubuta masa na kowane wata ne.